Masu Sauraron Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, malamin dabbobi ne, kuma a hannunsa na tashi a Birnin Ƙonni, cikin Nijar. Ya yi aikin gwamnati yana yawo da babur da akwatin allura a ƙauyukan Ƙonni da Malbaza da Illela ta Nijar, har ranar da gwiwoyinsa suka ƙi. Da ya yi ritaya sai ya rasa inda zai kai bakinsa, don mutum ne da akuya ba ta isa ta wuce gabansa bai faɗi abin da ke damunta ba. Yakan zauna ƙofar gida yana duba dabbobin mutane daga nesa, yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Masu kunya su ce an gode, marasa kunya su ƙara sauri.

Ni na kawo shawarar ya riƙa magana ina ɗauka a waya. Na karanta aikin kwamfuta a Tawa, na dawo gida da takarda babu aiki, lokaci kuwa ina da shi har ya yi mini yawa. Na buɗe masa ɗan shafi a intanet, ba wani abin a zo a gani ba, inda mutum zai danna ya ji muryarsa ko ya sauke ta cikin wayarsa. Duk safiyar da zai yi magana sai ya sa babbar riga da hula, ya shafa turare, ya zauna gindin bishiyar bedin tsakar gida. Na ce masa ai ba hoto ba ne, babu mai ganinsa. Ya ce shi yana ganin kansa.

Sallama kawai yake yi ya shiga magana, babu suna babu gari, yadda ya saba idan ya isa rugar da kowa ya san shi. Ya yi bayanin tunkiyar da ta ci leda, da yadda ake ajiye harawa kada ta lalace, da kumburin ciki, da abin da ya sa ba a sayen maganin dabba da aka baje a rana. Idan ya fara, muryarsa takan sauya, ta yi nauyi ta yi sannu, irin ta masu karanta labarai a rediyo. Mu kanmu da muke gidan sai mu sassauta taɓa kwano.

Bayan kowace magana sai ya cire hula ya tambaye ni, "Ana ji kuwa, ɗiyata?"

In ce, "Ana ji, Kawu."

Ni da shi duk ba mu san ko ana ji ba. Amma amsar tana isarsa zuwa wata safiyar.

Daga baya na samu aiki, irin wanda ba ya sa mutum ya fita ƙofar gida. Wani ƙaramin kamfani ne na waje da ban taɓa ganin ko ƙofar buronsu ba, wato ofishinsu. Bayyana wa dangi aikin ya fi yin sa wuya, amma bari in gwada. Duk manhajar da aka ƙera tana zuwa da takardar bayani mai faɗin yadda ake amfani da ita. A da mutane ne ke karanta irin wannan takarda. Yanzu kuma akwai na'urori masu ƙirƙirarriyar basira da ake aikawa su yi aiki a madadin mutum. Ka ce wa na'urar ga abin da kake so, ita ta je ta karanta bayanin, ta haɗa abin haɗawa, ta dawo maka da amsa. Ni ɗan aike nake ce wa irin wannan na'ura, don ba ta wuce hakan ba. Aikina shi ne in ba ɗan aiken takardar bayani da saƙo, in koma gefe in ga ko takardar ta ishe shi. Inda ya yi tuntuɓe in rubuta, inda ya ɓata in rubuta, a ƙarshe in ba takardar maki. Masu rubutun ake jarrabawa, ba ɗan aiken ba.

Doka ɗaya ce mai tsanani a aikin: kada in taimake shi. Wannan kuwa ta ba ni wuya fiye da yadda na zata. A garinmu idan baƙo ya tambayi hanya ba a cika yi masa kwatance ba. Wanda aka tambaya yakan ajiye abin da yake yi ya ce mu tafi, ya raka shi har ƙofar gidan, wani lokaci har ya tsaya a gaisa da shi. An ce baƙo makaho ne ko da idanunsa, kuma mu mun ɗauki maganar da gaske. Da wannan tarbiyya na zauna gaban kwamfuta ina kallon baƙo yana kewaya wuri ɗaya, ga ƙofa nan kusa da hancinsa, an ce kar in ce uffan. Farkon farawata sai in ga hannuna ya rubuta masa ya duba shafi na gaba kafin in ankara. Matar da ke duba aikina, wadda ban san ta ba sai a rubutu, ta ce mini duk lokacin da na yi haka kaina nake ba maki, ba takardar ba. Gaskiya ta faɗa, ko da yake ban gode mata a ranar ba. A hankali na koyi harɗe hannu in yi kallo, ina yi masa faɗa da baki tunda ba ya ji.

Ana nan sai aka turo mini manhajar ƙidayar baƙi. Ita wannan a shafin intanet ake liƙa ta, ta riƙa faɗa wa mai shafin mutum nawa suka shigo, me suka buɗe, daga ina suka zo. Aka ce in gwada ta a shafi mai rai, ba na wasa ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama, ga shafin Kawu a hannuna, ga kuma tambayarsa ta kullum da ban taɓa amsawa da sani ba.

Da farko ɗan aike ya yi abin kirki. Ya karanta, ya liƙa manhajar a shafin ba tare da tangarɗa ba, don masu rubutun sun shimfiɗa wannan ɓangaren a fili, abu bayan abu. Na ba su maki mai kyau, sun kuma cancanta. Aka bar manhajar tana ƙidaya, damina ta sauka, Kawu ya ci gaba da sa hularsa.

Ranar da zan ba da saƙo na biyu, bayan la'asar ne, na fito da kwamfuta tsakar gida saboda zafin ɗaki. Kawu ɗan lakwal ne na da, wato ɗan boko, Faransancinsa ya fi nawa tsabta, kuma da Faransancin ɗan aiken ke ba ni amsa. Ya jawo kujerarsa kusa da ni.

"Mi baƙon naki ka yi yau?"

"Masu sauraronku za shi ƙirga muna, Kawu."

Nan take ya laluba aljihu ya sa tabarau. "To tambaye shi na ina ne sunka hi yawa. Ni dai na san mutanen Bazaga ba su bari magana ta wuce su."

Na rubuta tambayar, na harɗe hannu kamar yadda aka koya mini. Ɗan aike ya koma takarda, ya nemo inda aka yi bayanin ƙasashe, ya jawo lissafin, ya dawo da amsa a tsare. Ya ce akwai masu saurare, kuma kusan dukkansu a Najeriya suke. Ya ce daga Nijar ba a samu wani abin kirki ba. Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara da shawara cikin ladabi, wai tunda mutanen ƙasar mai shafin ba su nuna sha'awa ba, zai fi kyau a mai da hankali ga na tsallaken iyaka.

Kawu ya karanta, leɓunansa na motsi. Ya koma sama ya sake karantawa. Sannan ya cire tabarau ya naɗe ya mayar aljihu.

"To," in ji shi. "Ashe Najeriya nika yi ma aiki."

"Kawu, ai su ma mutane ne, kuma dabbobi gare su."

"Mutane ne, Allah shi amhwana musu. Amma waɗanda na yi ma shanunsu allura tun ina da baƙin gashi, na kwana rugarsu, na sha nononsu, ko ɗaya bai ga ya danna ba."

Ya tashi ya ɗauki buta, ko da yake magariba da saura. Ni kuwa na bi shi da ido kawai, don ni ma na yarda da abin da na gani. Amsar ta zo a tsare, babu in-ina, babu wataƙila. Mutum idan ya yi magana haka ba a cika tambayarsa inda ya samo ba.

Washegari Kawu bai sa hula ba. Na kawo waya gindin bedi, ya ce maƙogwaronsa ba daɗi. Bayan maƙogwaro sai gwiwa, bayan gwiwa sai ya daina neman dalili, ya ce in bar shi. Ƙofar gidan ma ya rage fita. Awaki na wucewa da tari da gudawa ba mai ce musu komai. Tuwonsa ya riƙa dawowa da saura. Na tsorata ƙwarai, don na taɓa ganin tsohon da ya zauna haka, kuma na san inda zaman ya kai shi.

Abin da ya fara sosa mini rai shi ne maƙwabciyarmu. Na san tana jin Kawu, don na sha jiyo muryarsa ta kan katanga tana daka. Ita kaɗai ma ai ta isa ta fito a lissafin Nijar sau da yawa. Sai na buɗe manhajar a kwamfuta, wurin da ke nuna wanda ya shigo a lokacin, na ɗauki wayata na shiga shafin Kawu. Ina zaune kan tabarmata, a ɗakina, a Birnin Ƙonni, sai ga manhaja ta ce baƙo ya shigo daga Najeriya.

Na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya dariyar ta koma haushi. Kowa a garin nan ya san abin, ni ma na sani, sabo ne ya rufe mini ido. Iyaka tana nan kusa da mu, rezon Najeriya, wato sabis ɗin waya, yana shigowa har cikin ɗakunanmu. Wayoyinmu layi biyu gare su, na gida don kira, na tsallake don intanet, saboda ya fi sauƙi. Mai kabu-kabu, mai shago, malamin makaranta, har da jandarman da ke tsaron hanya, da wuya ka samu wanda ba haka yake yi ba. Manhajar ba ta ganin inda mutum yake zaune. Layin da ya biyo take gani, ta ce can ne ƙasarsu.

Na koma takardar bayani na bi ta da kaina, a hankali, yadda ake tsintar tsakuwa a wake. Wurin da aka yi maganar ƙasa layi ɗaya ne tak, yana cewa wannan gurbi yana nuna ƙasar da baƙon yake. Shi ke nan. Ba a faɗi yadda ake gane ƙasar ba, ba a faɗi inda abin ke kuskure ba. Ban ce masu rubutun sun yi ƙarya da gangan ba. Ina jin a inda suke zaune layin waya da ƙasa abu ɗaya ne, har ba su ga abin faɗa ba. Duk mai rubuta bayani yana barin abin da yake ganin kowa ya sani. Da mutumin Ƙonni ne ya karanta, da ya yi tsaki ya cike gurbin da kansa. Ɗan aike kuwa bai taɓa sayen kati a bakin tasha ba, ba shi da komai sai abin da aka rubuta masa. An ce masa ƙasar da baƙo yake, ya ɗauka, ya kawo mana har tsakar gida.

Da gudu na je wurin Kawu. Na yi masa bayani, na nuna masa wayata, na shiga shafin a gabansa don ya gani da idonsa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Na ji," ya ce. "Ke kin shiga, ya ce Najeriya. Wannan ke ɗaya ce. Sauran hwa? Kin san su?"

"Ban san su ba, Kawu, amma shi ma bai san su ba."

"Shi baƙo ne, bai san ni ba, ba shi da dalilin yi man ƙarya. Ke kina da shi, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka."

Wannan magana ta yi mini ciwo, don babu ta inda zan kama ta. Ƙaunar da nake yi masa ita ce ta ɓata shaidata.

Haushin sai na juye shi a kan rahoton aiki. Na ba ɓangaren ƙasa maki mafi ƙanƙanta. Matar da ke duba aikina ta dawo mini da shi, ta ce ɗan aike ya kammala saƙo, ya samo gurbin, ya jawo lissafi daidai, don haka takarda ta ci. Na ce mata ɗan aiken da aka tura kasuwa ya dawo da sauri da abin da ba shi aka aike shi ba, ba a ce ya kammala. Ta ce tsarin maki bai tanadi wannan ba. Na ce to tsarin ne da gyara. Na rubuta mata abin da ban saba rubuta wa wanda ke biya na ba, na ce takardar da ke sa na'ura ta faɗi abin da ba ta sani ba da cikakken baki ta fi wadda ke ɓatar da ita haɗari, don wanda ya ɓata ana ganin ya ɓata. Ban gaya mata zancen Kawu ba. Na tura, na zauna ina jiran a ce mini an gode da aikina.

Ba a kore ni ba. Daga baya ta ce ta miƙa maganar ga masu manhajar. Can wajen tsakiyar damina ta rubuto ta ce sun ƙara bayani, in sake gwadawa. Sun ƙara ɗan sakin layi, cewa daga layin intanet ake hasashen ƙasa, kuma a garuruwan bakin iyaka hasashen kan kauce. Na sake ba ɗan aike tambayar nan, kalma ba ta sauya ba, na harɗe hannu. Wannan karon ya ce lissafi ya nuna Najeriya, amma ba zai iya tabbatar da inda masu sauraren suke ba, musamman idan shafin na mutanen bakin iyaka ne. Ban taɓa jin daɗin wani ya ce bai sani ba kamar ranar.

Na kai wa Kawu kwamfuta har ɗaki. Ya sa tabarau ya karanta.

"Da ya ce babu, yanzu ya ce bai sani ba," in ji shi. "Shaidar da anka koya ma magana kenan."

"Wallahi ban taɓa shi ba, Kawu. Takardar anka gyara."

"Wa ya sa anka gyara ta?"

Na ɗauki kwamfutata na fita. Da ba kawuna ba ne da na faɗi magana.

Cikin wannan hali aka yi rasuwa a Dogarawa, nan cikin Nijar, wani tsohon abokin aikin Kawu. Ya ce zai je ta'aziyya, na ce ƙafata ƙafarsa, saboda gwiwar. Muka shiga mota da safe, muka yi gaisuwa, shi wajen maza ni cikin gida. Da hantsi ya yi sosai muka fito bakin hanya muna jiran motar komawa, ya samu benci ƙarƙashin wata bishiya kusa da mai fura.

Nan kusa da mu mutane sun taru a kan wani rago. Ya shiga gonar wake da sassafe ya ci ɗanyen ganye da raɓa, cikinsa ya kumbura ta hagu kamar ganga, yana numfashi da ƙyar. Mai ragon, wani magidanci, ya rasa inda zai sa kansa. Wani na cewa a kawo wuƙa kafin ya zama mushe, wani kuma ya riga ya kawo kwalbar kananzir za a ɗura masa. Na saci kallon Kawu. Ya kau da kai, ya sake juyowa, ya sake kau da kai. Daga ƙarshe jini ya fi ƙarfin fushi, ya dogara sanda ya miƙe.

"Kar ku ba shi kananzir," ya ce. "Ku ɗaga gabanshi bisa tudu. A samo man gyaɗa a ba shi kaɗan-kaɗan ta gehen baki, a murza cikin, a sa shi tahiya."

Mai ragon bai ko ɗago ba. "To Baba, mun ji," ya ce, ya miƙa hannu yana karɓar kwalbar.

Sai wani mai amalanken jaki da ya tsaya kallo ya ce su dakata. Ya zaro wata 'yar waya mai maɓallai, wadda aka ɗaure da roba, yana dannawa. "Akwai malamin nan na Sakkwato, ya yi magana kan wanga ciwo. Ku bari ku ji."

Ya ɗaga wayar sama. Aka yi sallama a cikinta, da murya mai nauyi, a sannu. Muryar Kawu ce. Har kukan zakaran maƙwabciyarmu na ji a bayan maganar.

Kowa ya matso kusa. Muryar ta ce kada a ba dabba kananzir. Ta ce a ɗaga gabanta a kan tudu, a ba ta man gyaɗa kaɗan-kaɗan ta gefen baki, a murza cikin, a sa ta tafiya. Kafin ta gama mai ragon ya ajiye kwalba, wani ya ruga shago neman mai, mutum biyu sun ja ragon zuwa kan tudun bakin hanya.

Mai fura, wata dattijuwa, ta ce, "Ai Baba ma haka yac ce."

Mai ragon ya waiwayo, karo na farko ya dubi Kawu sosai. "Ashe ku ma kuna jin malamin, Baba?"

Na buɗe baki. Kawu ya ɗora ƙarshen sandarsa a kan ƙafata ya danna.

"Ina jin shi wani lokaci," ya ce.

"Muryarku ma ta so ta yi kama," in ji mai fura.

"Tsohwahhi duk murya guda gare mu."

Tunda an hana ni faɗa, sai na yi tambaya. Na ce wa mai amalanke a ina ya samu. Ya ce wurin mai tura wa mutane karatu da waƙoƙi a katin waya ranar kasuwa, shi ya ce musu babban likita ne na Sakkwato. Ya ce ba shi kaɗai ba, duk mai dabba a yankin yana da shi, wanda ba shi da waya kuma yana ji a fada, wato majalisar hira, idan an kunna wurin shan shayi. Har Buzayen da ke saukowa da raƙuma, in ji shi, sukan sa a tura musu.

"Sai dai kwana biyu bai saki sabo ba," ya ce. "Wasu na cewa rasuwa yay yi. Mu dai mun yi mashi addu'a, in ya mutu Allah shi jiƙan shi, in yana da rai Allah shi ba shi lahiya."

Mutanen wurin suka ce amin. Kawu ma ya ce amin, yana kallon ƙasa.

Mota ta zo kafin mu ga ƙarshen ragon. Da na leƙa ta taga dai na ga ya fara gyatsa, ana jan sa yana takawa.

A hanya an matse mu da buhunan albasa da wata mata mai kaji. Ni kaina ya tafi wurin aikina. Waɗannan mutane ba su taɓa shiga shafin ba, ba za su taɓa shiga ba. Mutum ɗaya ne ya sauke, da layin tsallake, manhaja ta rubuta baƙo ɗaya daga Najeriya, daga nan magana ta bi katin waya da tabarmar shayi ta shiga inda babu mai ƙirgawa. Ko takardar da aka gyara ba ta san da su ba. Na ƙudura zan rubuta wannan ma a rahoto, ko da tsarin maki bai tanade shi ba. Amma abin da ya fi cika mini zuciya ba shi ba ne. Ina ta ganin hannun mai ragon yana karɓar kwalba, Kawu na tsaye a kansa da sanda, ya gama faɗin gaskiya.

Washegari ina shara na ji ƙamshin turare. Ya fito da babbar riga da hula, ya zauna gindin bedi, ya gyara murya.

"Kawo wayar," ya ce. "Kar su yi man sadakar bakwai ina zaune."

Na jefar da tsintsiya na kawo. Na durƙusa gabansa ina saita ta, na ce, "Kawu, yau dai ku hwaɗi sunanku. Ku ce daga Ƙonni kuke. Su san nasu ne."

Ya girgiza kai.

"Don Allah, Kawu. Wahalarku ce, wani gari ka amsa sunan. Jiya a gabana anka wulakanta ku."

"Ido, wa ka raina?" ya ce.

Na gyara riƙon wayar. Ya jira, kamar yadda yake jira ina ƙarama idan ya ba ni karin magana, sai na ƙarasa.

"Wanda nika gani yau da gobe," na ce.

"To kin gani. Na Sakkwato sunka ji, rago ya tashi. In sun san ni ne, tsohon nan mai zama ƙohwar gida, ragon gaba kananzir za shi sha. Bar su da malaminsu. Danna, ɗiyata."

Na danna. Ya yi sallama, muryar ta yi nauyi ta yi sannu, ya fara bayanin ɗanyen ganyen wake da raɓar safiya. Ni kuwa na riƙe masa wayar da hannu biyu, ina kuka a hankali don kada ya shiga cikin maganar.